Teburi na Bakwai

Ranar da mahaifiyata ta cika tamanin
na ajiye tasi ɗina a Trapani,
muka shiga akwatin da igiya ke ja zuwa sama,
ta rungume jaka kamar wani zai fizge.
Can ƙasa filayen gishiri sun yi fari fat,
teku na kwance, bai ce uffan ba.

Erice na bisa dutse, gajimare ya yi mata lulluɓi.
Daɓen titi ya sha taku har ya yi santsi,
lungunan sirara, sai ɗaya bayan ɗaya.
Baƙi na ɗaukar hoton ganuwa, hoton kyanwa,
hoton ƙofar da ba su san wa ya mutu bayanta ba.
Ni ma na ɗauka.
Ta ce, "Baldo, taka a hankali,
nan na faɗi da tulu ina 'yar shekara tara."

Mun leƙa coci, ta kunna kyandir guda.
Gindin hasumiya ta ce gwiwa ta ƙi.
Ɗan jagora na ta zuba sarakuna da yaƙe-yaƙe,
ta ja rigata: "Bai ambaci mai gashin burodi ba."

Ƙararrawa ta buga ɗaya,
yunwa ta kai mu wata shuɗiyar ƙofa.
Gaspare, mai gidan abincin, ya nuna teburi na bakwai.
Ta zauna, ta dubi rufi, ta dubi taga,
ta shafa bango da tafin hannu,
ta yi wani shiru da ban san ta da shi ba.

"Gadon uwata a can yake," in ji ta,
"inda Bajamushen nan ke ɓare jatan lande."

Aka kawo kuskus da romon kifi,
tururi na tashi, lemon tsami a gefe.
Ta kai cokali, ta tauna, ta jima,
ta ce, "Tafarnuwa ta yi kaɗan,"
ta cinye tas, har ta suɗe da burodi.

Labari ya kai kicin.
Gaspare ya zo yana goge hannu,
ya rantse ko sisi ba zai karɓa ba.
Ta ce, "Mun sayar tun ina budurwa,
kuɗin ya tafi a tikitin jirgin yayana.
Yau baƙuwa ce ni, baƙo kuwa biya yake."
Ta zaro kuɗi daga cikin hankici,
ta ƙirga sau biyu, ta nemi rasit.

Da yamma muka sauko,
ƙunshin alewar almon a cinyata,
garin na shigewa gajimare kaɗan-kaɗan.
Ba ta waiga ba.
Ta sa tabarau, tana bin rasit da yatsa:
sunan lungun, lambar gidan,
kuskus biyu, ruwa ɗaya.
Ta ninke shi huɗu,
ta sa inda take ajiye hoton babana.