Kunya Goma Sha Biyu

Shekarar da buhun kamfa ya kai kuɗin akuya biyu,
na ja Ja'e da 'yarta zuwa Gujungu ran Lahadi,
na dawo da buhu guda a bayan mashin
da igiya biyu, ba komai a bakinsu.
Hansai ba ta ce uffan ba,
ta karɓi igiyoyin, ta rataye su can bisa.

Masara zalla nake shukawa a lokacin,
daga bakin burtali har gindin kuka.
Ni ne na sare gawon da Baba Nomau ya bari,
wai yana tare wa garmar shanu hanya.
Gona ta koyi cin farin gishirin nan,
bana mudu, baɗi tiya,
kamar mai bin bashi da ya gane ƙofar gida,
kullum ya zo, sai an ƙara masa.

Ƙuduji ya yi fure, ja-ja, gwanin kyau.
Mugu ma yakan iya wasa.

Ban tuba rana ɗaya ba, kada in yi ƙarya.
Kunya goma sha biyu na ware ta gabas,
na kwashe jujin bayan gida da mangala,
tokar murhu, kashin kaji, ruɓaɓɓiyar harawa.
Gero biyu, wake ɗaya, gero biyu, gyaɗa,
riɗi a gefe, yakuwa ta tsare iyaka,
kabewa kuma na ce ta bi inda ta ga dama.
Cindo ya leƙo ta kan shinge:
"Wannan gona ce, ko faifan mai koli a kasuwa?"
Na sunkuya da fartanya, ban ba shi amsa.

Kakar farko dami bakwai na ɗaure
inda dā nake samun tara.
Cindo ya ƙirga, ya sake ƙirgawa da ƙarfi.
Daren nan tuwo ya tsaya mini a wuya,
na ce wa Hansai baɗi zan fasa.

Ta ce, "Jinyar shekara ashirin,
da kofi ɗaya kake so ta tashi?"
Ita ta daka 'ya'yan darbejiya a tsohon turmi,
ta jiƙa da barkono, ta tace da ɗankwali,
muka yayyafa wa wake da tsintsiya da la'asar.
Da rani na kira Ja'o ya kwana da shanunsa,
shi kara, ni taki, ba wanda ya rasa.

Damina ta uku, ruwa ya ɗauke tsakiyar marka,
kwana goma sha tara sama kamar an share.
Masara ta naɗe ganye ta yi sallama.
Gero ya sunkuyar da kai ya jira,
wake ya shimfiɗa zanensa ya rufe danshi,
riɗi ko a jikinsa.

Ran da ruwa ya dawo, Talle ƙarama
ta zo a guje, hannu dunƙule:
"Baba, maciji jariri!"
Tana ce, tana murɗawa a tafinta.
Shekararta tara, a gonar ubanta
ba ta taɓa ganin tana ba.
Na tsuguna, na ɗebi ƙasar, na sansana,
ƙamshin rigar Baba Nomau in ya dawo da yamma,
ga shi nan kusa.

Har yanzu ina sayen rabin buhu, ba na ɓoyewa,
gonar yamma ba ta yaye ba tukuna.
Amma kunya goma sha biyu sun zama arba'in,
igiya ɗaya ta sauko, da 'yar akuya a bakinta.
Jiya Cindo ya aiko yaro aron mangala,
wai jakinsa ne ke marmarin aiki.

Wajen kututturen nan wani gawo ya tsiro,
bai kai gwiwata ba, sai ƙaya.
Na kewaye shi da garma, layi ya karkace.
Bar shi ya karkace.
Ba ni zan sha inuwarsa ba,
bashi ne nake biyan ƙasa.