Shekarar da Ruwa Ya Ci Garinmu

A alif ɗari tara da sittin da biyar
ruwa ya shigo Capel Celyn ba sallama.
Ba ambaliya ba ce. Takarda ce
aka sa wa hannu a Landan,
cikin harshen da kakata Nesta ba ta mafarki da shi.

Liverpool na jin ƙishirwa, in ji su.
Mu kuwa, mu kwashe.

Babana Idwal ya sayar da tumakinsa,
ya dawo da igiya a aljihu.
Majami'armu ta sauka, dutse bayan dutse.
Aka ce: matattunku fa,
za ku tone, ko a rufe su nan?
Inna ta ce a bar Gethin ya yi barcinsa,
dama bai taɓa son tafiya ba.

Yanzu in fari ya yi tsanani
tafkin kan ja da baya kamar mai jin kunya,
sai ga dokin ƙofarmu cikin taɓo,
ga inda na faɗi na karya haƙori.

Sau ɗaya na je Liverpool, asibiti.
Wata nas ta miƙo min kofin ruwa.
Na daɗe ina kallonsa.
Sannan na sha.
Ƙishirwa ba ta san fushi ba.