Gidan Haya a Cikin Ƙarfe

Ƙarfe tara na dare a Tartu,
ƙarƙashin ɗakin karatu na unguwa,
inda bututun ruwan zafi ke tari kamar tsoho.
Ni da Endel muka ɗaga sabuwar saba,
uwar garken da za ta haɗiye biyar,
shi ta kai, ni ta ƙafa.
Ya ce, "Ilme, a hankali, bayan nan ba na aro ba ne."

Tsofaffin suna jere a kan kanta,
kowacce da sunan da ya raɗa mata a jikin salatif:
Mai Lissafi, Mai Wasiƙa, Mai Ƙofa, Kaka,
ta biyar rubutun ya goge, shi ma ya manta.
Shekara goma sha tara yana sauraron numfashinsu,
ya san wadda fankarta ke kuka in sanyi zai tsananta.

Na soka filashi, na kunna.
Allo ya yi baƙi, ya yi shuɗi, ya ce a'a.
Na sake. A'a.
Ashe wata 'yar ƙofa ce can a gindin injin,
maƙera sun turo ta a kulle.
Kafin in gano ta shayina ya huce.
Sai manhaja ta zauna daram,
ta nemi suna, ta nemi lamba,
ta nemi kalmar sirri har sau biyu
kamar mai gadin da bai yarda da fuska ba.

Daga nan sai rabon gida.
Na yanka ƙwaƙwalwa: ke ga huɗu, ke ga takwas.
Na gitta bango a faifai, ba bulo, ba siminti,
na ɗora musu gada su fita duniya,
siririya, ba irin ta kan Emajogi ba,
kogin da ƙanƙara ta rufe wa baki tun jiya.
Ɗakin fari ya buɗe ido.
Kwamfuta ce sak, amma ba murfi, ba ƙura,
ba inda za ka dafa ka ji ɗumi.
Ba ta ma san haya take ba.
Ta ƙirga abin da na ba ta, ta ce iyakar duniya ke nan,
ga maƙwabciya a bayan bango, ko motsinta ba ta ji.

Endel ya gyara tabarau. "To ina take?"
Na nuna allo.
"Wannan sunanta ne. Ita fa?"
Na nuna ƙarfen.
"Wannan gidan ne."
Na rasa ta cewa. Ya yi murmushin da bai kai zuci ba.

Kaka ce ta ba mu wuya.
A cikinta sunan duk wanda ya taɓa aron littafi yake,
har waɗanda suka mutu ba su mayar ba.
Awa uku tana juye kanta cikin sabon ɗaki.
A kashi sittin da ɗaya ta cije,
muka cije tare da ita, ba mai haɗiyar yawu,
sannan ta wuce.
Ta farka a can, ta duba agogo, ta kama aiki
kamar wadda aka canja wa gado tana barci.
Na ɗauki hotonta na wannan daƙiƙar na adana:
in gobe ta ɓaci, a dawo da ita daren nan.
Endel ya ce, "Mutum fa, ba a yi masa haka?"

Shi ya kashe su, na bar masa.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu.
A kan Kaka yatsansa ya daɗe.
Shiru ya sauko, wanda ban san ɗakin yana da shi ba,
har muna jin takun wani a titi.

Kyanwar gidan ta zo makwancinta,
ta hau Kaka, ta juya, ta sake juyawa,
ƙarfen yana hucewa a ƙarƙashinta.
Ta dube mu.
Endel ya cire hularsa ta ulu ya shimfiɗa mata,
ya hau bene, ya fita cikin dusar ƙanƙara da kai a buɗe.