Abin da Gamba Ta Sani

Hurera ta zo daga Samaru da jaka a kafaɗa,
ta ce, "Kawu, rubuta mana yadda ake rubutu.
Shafi biyar ya isa, mujallar sashenmu za a sa."
Na ce to.
Shekara arba'in da ɗaya ina jan baƙi
a wannan zaure na Limancin Kona,
shafi biyar ai kurɓin koko ne.

Ta bar mini biro da littafi mai layi.
Yau kwana tara.
Layi uku na yi, na soke biyu.

Ta ina ake farawa?
Daga gamba, wadda ake yankowa bayan kaka a bakin Kubanni,
a jingine ta a inuwa
har ta manta ita ciyawa ce?
Ko daga aska, da fiƙe baki,
da tsagin da ido ba ya gani, sai babban yatsa ya shaida?
Na rubuta: "A tsaga kaɗan."
Kaɗan ɗin nan shekara shida ya ci mini,
da tabo biyu a hannun hagu.

Malam Ƙasimu, Allah ya haskaka makwancinsa,
bai taɓa yi mini bayani ba.
Wata bakwai ya tsare ni a kan alif.
In na kawo, ya ce, "Wannan yunwa yake ji."
In na sake, ya ce, "Wannan girman kai gare shi."
Ran da ya duba ya yi shiru, ya ɓara goro ya miƙo mini rabi,
zagawa na yi bayan rumbu na yi kuka.
To Hurera,
shirun nan a wane layi zan sa shi?

Tawada ma haka take.
Bagaruwa, ƙaro, kashin maƙera,
a dafa, a tace, a bari ta kwana.
Kowa ya karanta wannan zai haɗa baƙin ruwa.
Sanin ta nuna kuwa a hanci yake,
da yadda ɗigo ke jinkiri a bakin alƙalami
kamar baƙon da bai gama sallama ba.

Ba na jan lam ina numfashi.
Ba na buɗe kurtu da fushi a ciki.
Ran da muka yi cacar baki da Tanimu a kan magudanar ruwa,
duk nun ɗina suka fito da ciki a ɗaure,
wasalin ja ya ƙi zama inda na ajiye shi.
Na rufe tadarishi, na sa takalmi, na je na ba shi haƙuri,
ba don ya fi ni gaskiya ba,
shafi ne ke jira.
Wannan ma ilimi ne? Za su buga?

Abin da hannu ya haddace, baki bara yake yi masa.
Ina son sana'ar nan son da ya hana ni faɗarta daidai:
in na taƙaita, na yi mata rowa,
in na zurfafa, mai karatu ya yi hamma.

Jiya da la'asar ta dawo karɓa.
Ta ga layi ɗaya tilo, ta dube ni, ba ta ce komai ba.
Na tura mata kurtu da gutsuren takarda.
Alif ɗinta ya fito kamar karan dawa bayan ruwan ƙanƙara.
Ta yi dariya.
Sai ta daina.
Ta gyara zama, ta ce, "Bari in sake."

Aka kira magariba tana kan na goma sha huɗu,
yatsunta baƙi ƙirin, wayarta na kuka a jaka ba ta waiwaya ba.
Na ɗauki biron nan nata,
ƙarƙashin layin da ya tsira na ƙara wani:
"Sai a sake."

Saura shafi huɗu da abin da ya ɗora.
Ta ce za ta dawo Asabar.
Na ɓoye goro ɗaya a gafaka,
ban gaya mata na mene ne ba.