Ƙidaya a Lambun Meri

Ran Talata suka zo, su uku, a kan babur biyu:
Madam Cima da rajista a hammata,
Kalla kansila yana sharce gumi da hularsa,
sai wani yaro mai ɗaukar hoto da salula.
Na ajiye bidon, na goge hannu a wando,
na ce sannunku da rana.
Rabon da a leƙo mu, an yi magajin gari uku.

Lambun nan na meri ne, haka allon ƙofa ya ce,
ko da yake tsatsa ta cinye rabin maganar.
Shekara goma sha tara ina riƙe da makullinsa,
tsakanin dutsen nan mai kama da giwa a durƙushe
da hanyar da ke gangarawa Kasuwar Dole.

Ta buɗe rajista. Benci goma sha biyu.
Na ce bakwai.
Ta ce ina biyar?
Na ce biyu sun karye, gara ta gaji ɗaya,
ɗaya an ara don taro, bai gane hanyar gida ba,
na biyar kuwa ni ma cigiyarsa nake.
Ta rubuta. Alƙalami ba ya gardama da rashi.

Lilo biyu. Sarƙar ɗaya ta tsinke tun damina waccan.
Na kai takarda ofis sau huɗu,
an buga mata hatimi sau huɗu,
hatimi kuwa ba ya ɗinke ƙarfe.
Famfon tsakiya? Ga shi nan, busasshen kwanon siminti,
tsofaffin Garin Malam sun zana masa gidajen dara da gawayi.
Ruwan Damagaram ƙarfe ukun dare yake zuwa, cikin sanɗa,
in tashi in tare shi da bidon takwas
kafin ya sake shawara.

Filin ƙwallo: akwai. Raga: babu.
Yaran fada sun kafa takalma biyu-biyu,
alƙalin wasa shi ne duk wanda ya fi murya.
Kalla ya ce an sa kuɗin raga cikin kasafin bana.
Na ce Allah ya nufa.
Bara ma, a zamaninta, bana ake ce mata.

Sai muka zo kan itatuwa.
Rajista ta ce arba'in.
Ta ƙirga da bakin biro, ta sake ƙirgawa,
yaron ya bi da yatsa: arba'in da uku.
Nan magana ta tsaya.
Rashi yana da gurbi a takarda, da layi, da wurin sa hannu,
ƙari ba a gina masa ɗaki ba.
Wa ya ba da izini? Da wane kuɗi? A wace shekara?
Na ce bedi biyu ne da tsamiya ɗaya,
na dasa su shekarar da Barira ta rasu,
da sauran ruwan alwala na raine su.
Ban san sai an nemi hatimi kafin a yi inuwa ba.

Kalla ya ce wannan sai gaban majalisa.
Madam Cima ba ta ce uffan ba.
Rana ta take tsakar ka, benci bakwai sun zama tanda,
sai ta ja zuwa gindin tsamiyar,
ta zauna kan saiwa, rajista a cinya.
Ta daɗe.
Wani ɗan ganye ya faɗo tsakiyar shafin,
ba ta kaɗe shi ba.

Abin da ta rubuta ban sani ba,
karatuna bai kai ga Faransanci ba.
Da za su tafi ta ce, Baba Mutari,
ka riƙa kulle ƙofa da magariba, doka ce.
Na ce to.

Da magariba na jawo ƙofar, na tsaya da makulli a hannu.
'Yan mata uku na layi a lilo ɗaya,
ƙaramar tana riƙe da takalmanta a ƙirji,
ba a zo kanta ba tukuna.