Mai Mayar da Rairayi

Ɗaki goma sha tara ne rabona kullum,
hawa na biyu, ɓangaren da ke kallon teku.
Kafin baƙi su gama karya kumallo
na san wanda ya hau tudu jiya, na san wanda bai hau ba.
Zanin gado ba ya rufa wa kowa asiri.

Rairayi ƙarƙashin matashin kai,
rairayi a bakin magudanar wanka,
a aljihun wandon da aka jefar bayan ƙofa,
a tsakiyar littafin wata Bajamushiya
da ta kwana bakwai ba ta wuce shafi na talatin ba.

Su sun ce tuddan Maspalomas suka zo gani.
Ni kuwa tuddan ne ke zuwa ganina,
ƙwaya-ƙwaya, a tafin ƙafar mutane,
ba sallama, ba kuɗin ɗaki.

Akwai wata taga a ƙarshen baranda.
Can nake satar minti biyu, tsintsiya a hammata.
Ga su nan kwance, jajaye-jajaye da hantsi,
iska ta kwana tana yi musu kitso,
ta share sawun jiya tas
sai na wani ƙadangare da ya yi sammako,
ya ja jela ya raba tudu biyu
kamar mai rabon gado.
Can gaba hasumiyar fitila,
can gaba kuma ruwa, har inda ido ya gaji.

Babana Chano tumatir ya noma a nan
tun kafin a aza tubalin farko.
Yakan ce, "Guacimara, kada ki ga tudu kwance
ki ce barci yake.
Tafiya yake yi, ƙafa ce kawai ba shi da ita.
Iska ta tura shi, teku ta karɓa,
ta juya shi, ta dawo da shi gida."
Sai aka yi gini a kan hanyar iska.
A ginin nake cin abinci.
Ban da bakin zaginsa.

Amma ina da wani tsohon bokitin fenti
a bayan keken kayan shara, ƙarƙashin tawul.
Abin da na share ba na zubarwa.
Da rariya nake tace shi,
in cire gashi, da murfin kwalba, da guntun taba,
sau ɗaya har da ɗan kunne, na kai ofis.
Shugabarmu Fefa ta gani, ta kaɗa kai,
ta ce kowa da irin haukarsa,
kada dai in bari ya taɓa kafet.

Talata ce hutuna.
Ɗana Airam ke ɗaukar bokitin, yana gunaguni.
Mu wuce masu hayar raƙuma,
mu wuce tafkin da tsuntsaye ke tsaye da ƙafa ɗaya,
mu bi turakun hanya kamar kowa.
"Mama, bokiti ɗaya! Dubi girman wurin nan!"
Ban ce masa da yayyafi kogi kan cika ba.
Na san wannan kogin ba ni zan cika shi ba.
Kayan aro ne ya kwana a hannuna,
kuma na san gidan mai shi.

Na juye.
Ɗan tsibi, bai kai tulin gishiri a kasuwa ba.
Iska ta zo ta shinshina,
ta ɗebi na sama, ta dawo ta ɗebi saura.
Kafin Airam ya gama ɗaukar hoton wasu masoya
da suka miƙo masa waya,
ba ka cewa ga inda na zuba.

Da yamma a ƙofar gida na cire takalmi.
Na kife na dama: rairayi.
Na kife na hagu: ya fi yawa.
Airam ya dube ni, dariya na cin sa.
Na ce, miƙo mini bokitin.