Murjani a Saman Gidan Burodi

A Matosinhos, inda iska ke ƙarnin kifi tun asuba,
a ɗakin da ke saman gidan burodinsa,
Anselmo ya girke akwatin gilashi mai cin lita arba'in,
ya dama gishiri, ya jera duwatsu,
ya ce yau teku ta zo gidansa kwana da yini, ba komawa.

Fulgêncio mai shago ya ba shi murjani uku,
masu rai, kowanne bai kai kan babban yatsa ba.
A bakin ƙofa ya riƙo masa hannun riga:
"Digiri ashirin da biyar, ka tsaya nan.
Hawa da sauka ke cin su, ba yunwa ba.
Ƙaramar tukunya ita ke saurin tafasa,
ita ce kuma mai saurin hucewa."

Anselmo ya yi dariya.
Shekara talatin yana jin ƙullu da bayan hannu,
ya san zafi kamar yunwar cikinsa.
Ya tsoma yatsa, ya ce daidai, ya yi wucewa.

Mako biyu, koren ya dunƙule
kamar hannun yaron da ya ɓoye kwabo.
Mai ruwan hoda ya soma fari daga gefe,
fari irin na garin alkamar da ke girarsa.
Ya ƙara gishiri. Ya rage fitila. Ya zagi hita.
Babu wanda ya buɗe, babu mai warkewa.

Benedita, 'yarsa, shekararta goma sha ɗaya,
ta yage bayan littafin lissafi,
ta manna ma'aunin zafi a jikin gilashi,
ta kwana da agogo a ƙarƙashin matashi.
Bakwai na yamma, ashirin da biyar.
Goman dare, ashirin da biyar.
Huɗun asuba, ashirin da takwas.
Da azahar, taga a buɗe, iskar teku na kaɗa labule,
ashirin da uku da rabi, har yana neman zarcewa.

Dare na uku ta sauko daga gado ba takalmi,
sai daɓe ya yi mata ɗumi a tafin ƙafa,
ɗumi kamar bayan kyanwa.

Ta leƙa matakala, ta kira shi.
Ya hau da gari har gwiwar hannu.
"Baba, kai ne."
Ya durƙusa, ya ɗora tafi a ƙasa.
Ƙarƙashin teburin, daidai wa daida,
tandarsa ce ke huci, wadda ke ciyar da gidan,
wadda ya kunna da ƙarfe biyu yana fito.
Bai ce uffan ba. Burodi na ƙasa yana ƙonewa.

Ran Lahadi suka kwashe rabin ruwan a bokitai,
suka ja akwatin zuwa lungun takalma,
bangon ciki, ba taga, ba tanda a ƙasa.
Graciete ta ce, to ita ina za ta ajiye lema?
Baƙo ba zai gan shi daga kujera ba.
Anselmo ya ce ba don baƙo ya sayo ba,
ya ɗaura 'yar fanka saboda bazara mai zuwa.

Daga nan littafin ya zama abin gundura:
ashirin da biyar, ashirin da biyar,
ashirin da biyar da ɗigo biyu,
har yarinyar ta koma zanen kifi a gefen takarda.

Mai ruwan hoda bai dawo ba.
Ƙashinsa na kan taga, kusa da makullai.
Koren, ranar tara, ya saki yatsa ɗaya,
ya taɓa ruwan kamar mai tambayar hanya,
washegari ya sake sauran, suna lilo a hankali.

Yanzu kafin ya sauka kunna wuta,
Anselmo kan tsuguna tsakanin takalma da tocila,
hannayensa biyu a aljihu,
ya karanta lamba, ya ƙyale ruwa.